Sau Nawa Ya Kamata a Yi wa Kare Wanka a Sakkwato? Duba Gashinsa Tukuna

A gidaje da dama na Sakkwato inda ake ajiye kare, wanka aikin ranar Asabar ne. Yaron gida zai gama wanke mota, ya jawo kare ya ɗaure a gindin dogonyaro, ya sheƙa masa ragowar ruwan omo, ya dirje shi da soso, ya ɗauraye sama-sama, ya sake shi. Haka ake yi wa Bowabul mai gadin ƙofa, haka ake yi wa Jaman Shefad, haka ake yi wa ɗan Lasa da yara ke wasa da shi. Niyyar maigida tsafta ce, amma karnukan nan uku buƙatarsu ba ɗaya ba ce, kuma babu wanda wannan tsari ya yi wa daidai. Na farko wankan ya yi masa yawa. Na biyu an jiƙa shi an bar shi da danshi a ciki. Na ukun kuwa an ƙara ɗaure masa gashin da da ma ya fara cukurkuɗewa.

Mutum yana auna kare da jikinsa ne, a nan ake ɓata lissafi. A watan Afrilu, idan zafi ya haura digiri 40, mu sai mu watsa ruwa sau biyu ko uku a yini saboda gumi. Kare ba ya gumi irin namu. Da haki yake fitar da zafin jikinsa, sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafa, don haka zafi shi kaɗai ba ya ƙazanta shi. Fatarsa ma ba ta kai tamu kauri ba. Saman fatar kare jeri 3 zuwa 5 ne na ƙwayoyin halitta, ta mutum kuwa 10 zuwa 15. A ma'aunin tsami na pH, fatarmu tana wajen 5.5, tasa tana kusa da 7. Wannan siririyar fata tana fitar da wani maiƙo da ke bin gashi, yana hana ta bushewa, yana kuma tare ƙwayoyin cuta. Omo da sabulun wanki da sabulun salo an yi su ne don su cinye maiƙo, kuma sun iya aikinsu. Idan ana kwashe maiƙon nan kowane mako, sai fata ta bushe, amosani ya fito, kare ya shiga susa har ya ji wa kansa ciwo, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Daga nan wari ya tashi, maigida ya ce a ƙara yawan wanka.

To, kafin a shiga lissafin makonni, a raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Watsa wa kare ruwa zalla daban, wanka da shamfu daban. Duk adadin da zan faɗa a ƙasa na wanka da shamfun karnuka ne, kuma ga lafiyayyen kare wanda ba ya ƙarƙashin kulawar likita.

Mafi sauƙin sha'ani shi ne mai gajeren gashi da ke kwance a jiki. Karen gida namu na gargajiya yana nan, da karnukan 'yan farauta, da Azawak, siririn karen Buzaye mai dogayen ƙafafu wanda asalinsa kwarin Azawak ne tsakanin Nijar da Mali, nan maƙwabtanmu. Cikin na waje kuma akwai Dobaman da Fitbul da Bowabul na Afirka ta Kudu. Irin wannan gashi ba ya riƙe datti. Ƙura tana hawa kansa ne ta zauna a sama, kare ya girgije ta zube. Wanka sau ɗaya cikin mako 8 zuwa 12 ya wadatar, wato sau huɗu zuwa shida a shekara. A tsakani, tsumma mai ɗan danshi sau biyu ko uku a mako, da buroshin roba sau ɗaya, su ne duk aikin. Da bazara kuma kana iya watsa masa ruwa zalla kullum in ka so, musamman a ciki da cinyoyi da ƙafafu, don a busasshen zafin Sakkwato kafin ka mayar da bokiti ya fara bushewa. Bokiti biyu sun ishe shi cikakken wanka. Duba karnukan mafarauta na ƙauyukan gefen Rima: da yawansu ba su san shamfu ba, sai dai su faɗa gulbi su fito, kuma in dai babu ƙazuwa ko kaska a jikinsu, za ka ga gashi yana sheƙi.

Bowabul yana buƙatar ƙarin magana, don shi ne yanzu masu hali ke rububi. Gashinsa gajere ne, amma ƙato ne mai yawan dalala, ga naɗe-naɗen fata a fuska da leɓɓa masu saukowa. Yawu da ragowar abinci suna taruwa a cikin naɗin nan, su yi tsami. Mutum ya ji wari ya zaci jikin ne gaba ɗaya, alhali fuska ce kawai. A riƙa buɗe naɗin ana gogewa da tsumma mai danshi, a bi da busasshe, kowane kwana biyu. Jikin kuwa a bar shi sai mako 6 zuwa 8. Rotwaila ma kusan haka, sai dai shi yana da ɗan gashin ciki a wuya da cinyoyi, don haka a ba wuraren nan lokaci su bushe sosai.

Inda gajeren gashi ke da rauni shi ne sanyi da rana. Asubahin Disamba da Janairu a Sakkwato kan sauko zuwa wajen digiri 15, ga iska. Azawak ko Dobaman da aka jiƙa da sassafe a irin wannan lokaci zai kama makyarkyata, don ba shi da kitse ko gashin da zai riƙe masa ɗumi. Wanda kuma gashinsa fari ne fatarsa ja, rana tana ƙona shi a hanci da kunne da ciki, kada a ɗaure shi a tsakar rana da sunan shanya.

Yanzu sai babbar magana, masu gashi hawa biyu. Jaman Shefad, wanda wasu ke kira karen 'yan sanda, da Kokeshiyan, da Eskimo, da Samoyed, da Labrado duk suna nan. Suna da gashi mai ɗan tauri a sama, wanda ke tare rana da ruwa da datti, sannan a ƙarƙashinsa akwai wani mai laushi, cunkus, wanda ke riƙe iska kusa da fata. An samar da su ne don ƙasashen sanyi. Jaman Shefad a Jamus aka kafa irinsa a 1899, don kiwon tumaki. Kokeshiyan daga duwatsun Kokeshiya ya fito, wajen Jojiya da Armeniya da Azabaijan da kudancin Rasha, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa, kuma namijinsa daga kilo 50 yake farawa. Yanzu ga shi an kawo shi unguwar Arkilla ko Mabera an sa a kejin da aka rufe da kwano.

A takarda, buƙatarsu ta wanka ba ta fi ta mai gajeren gashi ba: mako 8 zuwa 12, ko mako 6 zuwa 8 idan kare mai yawan birgima ne. Bambancin yana cikin wahalar wankan kansa. Kafin ruwa ya ratsa gashin sama ya kai fata sai an yi da gaske. Kafin kumfa ta fita daga gashin ciki sai an ninka ɗauraya. Kokeshiyan guda zai iya lashe jarka biyu ko uku masu lita 25, kuma wanda ke sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa ya san abin da hakan ke nufi. Idan ruwan rijiyarku mai zartsi ne, wanda sabulu ba ya kumfa da sauri a ciki, hannu zai riƙa ƙara shamfu, kuma fitar da shi ya ƙara wuya. Kumfar da ta maƙale a ciki ita ce ke sa kare ya kwana yana susa washegarin wanka.

Sannan bushewa. Gashin cikin nan idan ya sha ruwa tamkar katifar auduga ce da aka jiƙa: sama ta bushe ka taɓa ka ji garau, ciki kuwa danshi na nan har gobe. Danshi da ɗumi a kan fata su ne ke haifar da wannan jan gyambo mai ruwa-ruwa da ke ɓullowa dare ɗaya a wuya, ko bayan kunne, ko gindin wutsiya. Kare ya yi ta lasa da cizo, wurin ya faɗaɗa cikin awoyi kaɗan. Da damina ƙuda na iya yin ƙwai a wurin, tsutsa ta shiga, gashi ya rufe, ba za a lura ba sai ɗoyi ya tashi. Shi ya sa nake ganin wanka ɗaya da aka bari da danshi ya fi cutar da irin wannan kare a kan wata uku babu wanka. Idan za a yi, a fara da hantsi, a matse ruwan da tawul biyu ko uku, a sa shi gaban fanka ko inda iska ke kaɗawa a inuwa, ana tsefe gashin yana bushewa. Mai injin busar da gashi ya sa shi a iska mai sanyi. Kafin magariba a cusa yatsu har fata a wuya da ƙirji da bayan cinya. In an ji sanyi-sanyi, da saura.

Abin da ke tsaftace mai gashi hawa biyu a gaskiya mataji ne. Akwai mataji mai dogayen haƙoran ƙarfe da aka yi don jawo mataccen gashin ciki. Sau uku ko huɗu a mako, minti goma zuwa sha biyar, zai fitar da ƙura da gashin da ya mutu, ya baza maiƙo, ya buɗe wa iska hanya zuwa fata. A Turai irin waɗannan karnuka sukan zubar da gashi sosai sau biyu a shekara, saboda tsawon yini yana canzawa ƙwarai tsakanin sanyi da zafi. Sakkwato tana wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba, shi ya sa a nan zubar gashin takan bazu kusan duk shekara. Ma'ana, babu watan da za a ajiye mataji.

Akwai masu cewa tunda zafi ne, a yi masa aski ƙwal-kwabo a huta. Tausayi ne ke sa haka, amma ban goyi baya ba. Gashin saman shi ke hana rana dukan fata kai tsaye, kuma idan aka aske shi, na ciki yakan riga shi tsirowa, gashin ya fito a hargitse, wani wuri ma ya daɗe bai dawo ba. Ana iya rage gashin ciki da mara da tsakanin yatsu, don idan ya kwanta a ƙasa mai sanyi ya ji. Aske jiki duka sai in gashi ya dunƙule ya fi ƙarfin mataji, ko likita na son kai magani ga fata. Haka nan yayyafa wa Kokeshiyan ruwa a baya da rana tsaka ba ya sanyaya shi, don ruwan bai kai fata ba. Inuwa, da ƙasa mai sanyi, da ruwan sha da ba ya yankewa, da jiƙa ciki da ƙafafu sun fi amfani. Amma idan ya kai ga zafi ya buge shi, yana haki ba ƙaƙƙautawa, yana tangaɗi, harshe ya yi jawur, wannan ba maganar gashi ba ce kuma. Zafin jikin kare na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne da ɗoriya, idan ya haura 41 rai ake ceto. A kwarara masa ruwa mai sanyi har fata, a sa fanka, a nufi asibiti.

Akwai karnuka biyu da ake yawan rikitawa a wajen masu sayarwa, Lasa da Eskimo. Duk ƙanana ne, duk masu yalwar gashi, sau da yawa farare, duk ana saye don yara. Amma kulawarsu hannun riga ce. Eskimo mai gashi hawa biyu ne, gashinsa a tsaye yake, yana kai wani tsawo ya tsaya ya zube. Duk abin da na faɗa a kan Jaman Shefad ya hau kansa: wanka wata biyu zuwa uku, mataji sau da yawa, babu aski. Jarrabawar mai Eskimo ita ce jar ƙasar nan tamu. Kwana uku da wanka farin gashi ya koma ruwan ƙasa, uwargida ta ce a sake wankewa. A yi haƙuri a bar ƙurar ta bushe a tsefe, mafi yawanta za ta fita, don gashin saman ba ya riƙe datti.

Lasa kuwa, wanda sunansa daga birnin Lasa na Tibet ya samo asali, gashinsa irin mai ci gaba da tsawo ne, yana zubowa har ƙasa idan aka bar shi. Yana share tsakar gida da jikinsa, yana kwasar miya a gemu, fitsari da kashi suna maƙalewa a gashin baya. Shi kam yana son wanka akai-akai, mako 2 zuwa 3 idan an bar gashin da tsawo, mako 4 idan an rage. Tunda wankan ya yi kusa da juna, dole shamfun ya zama mai laushi, a kuma bi da man tausasa gashi na karnuka. Sharaɗin da ba a tsallakewa shi ne a tsefe kafin a jiƙa. Ƙullin gashi idan ya sha ruwa ƙara tsukewa yake, ya bushe ya zama dunƙule, ya riƙa jan fata duk motsin da kare ya yi. Bayan kunne da hammata da tsakanin cinyoyi nan ne yake fara ƙulluwa. Wanda ya san ba zai iya tsifa kullum ba, ya rage gashin da almakashi ko injin aski kowane mako 6 zuwa 8, a bar kamar tsawon gaɓar yatsa. Lasa yana karɓar aski, gashinsa ya dawo yadda yake. A ganina, a garin da ƙarangiya da kashin yawo ke cika fili da kaka, barin Lasa da gashi har ƙasa wahalar da kai ne da wahalar da dabba.

Mai murɗaɗɗen gashi irin Fudul ba shi da yawa a nan. Gashinsa ba ya zuba ƙasa, a jiki yake maƙalewa, don haka wanka mako 3 zuwa 4, aski mako 6 zuwa 8, tsifa kusan kullum. Mai gashi kaushi irin na wasu Teriya kuwa yawan wanka yana lalata taurin gashin, mako 6 zuwa 8 ya isa. Idan karenka ruwa biyu ne, kamar yadda da yawa suke, ka manta da sunan da mai sayarwa ya faɗa maka. Buɗe gashin bayansa da yatsu. In ka ga fata nan take, gajere ne. In ka tarar da wani lallausan gashi cunkus ya rufe fatar, hawa biyu ne. In gashin yana ta tsawo ba ya tsayawa, jerin Lasa yake.

Duk waɗannan adadi lokacin shekara yana ɗan jan su gaba ko baya. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na Chadi tana busar da komai. Mu kanmu leɓe da diddige ke tsagewa. A lokacin ne kare ya fi yin buɗu-buɗu, a lokacin ne kuma fatarsa ta fi ƙin sabulu. A ja wanka zuwa ƙarshen adadinsa, a ƙara tsumma da mataji, in za a yi kuma a bari sai rana ta take, a sirka ruwan ya yi ɗumi-ɗumi. Da bazara bushewa ba ta da wuya, shi ne lokacin da ya fi dacewa a yi wa masu kaurin gashi babban wanka. Sai dai a taɓa ruwan da hannu tukuna: ruwan tankin da ke kan rufi, ko wanda ya kwana a cikin tiyo a rana, yana iya ƙona fata da azahar. Simintin tsakar gida ma haka yake wa tafin ƙafa. Da damina, musamman Agusta, taɓo ne matsala. Ba sai an yi cikakken wanka ba, a wanke ƙafafu da ciki da ruwa zalla a goge. Mai gashi hawa biyu kada a jiƙa shi ranar da hadari ya haɗu.

Damina kuma ita ce kakar kaska, kuma kaska ce ke sa mutane da yawa ƙara wanka. Shamfun kashe ƙwari yana kashe abin da ya tarar a jiki a wannan sa'a ne kawai. Jar kaskar kare a tsagar bango da ƙasan keji da ramukan bulo take ɓuya, macen tana zuba ƙwai dubbai a can, ba a jikin kare ba. Ƙuma ma mafi yawan ƙwanta da 'ya'yanta a shimfiɗa da ƙasa suke. Ka wanke kare yau, jibi sababbi sun hau. Cutar da kaska ke sa wa a jini, wadda ke sa dasashi ya yi fari, kare ya ƙi abinci, wani lokaci fitsari ya yi duhu, ba sabulu ke hana ta ba. Abin yi shi ne a gyara keji, a toshe tsagogi, a kuma nemi magani mai daɗewa a jiki. Akwai na ɗigawa a ƙeya, wanda ake so a bar kwana biyu kafin sa shi da kwana biyu bayansa ba a yi wanka ba, don maiƙon fata ne ke baza shi. Akwai ƙwayoyin haɗiya, irin su NexGard na wata-wata da Bravecto na mako 12, waɗanda wanka bai shafe su ba. Ga mai kaurin gashi, inda kaska ke ɓuya ido bai gani, na haɗiyar ya fi sauƙi.

Kananzir, da baƙin mai, da fiya-fiya, da maganin feshin gona, da ruwan wanke bayi, babu wanda ya halatta ya taɓa jikin kare, kowane irin gashi gare shi. Fata tana tsotsa, kare kuma yana lasar jikinsa. Ko amitraz da likitoci ke bayarwa a sirka a ruwa don kaska da ƙazuwa, guba ne idan aka wuce awo, kuma ba a sa wa ƙaramin kwikwiyo. Ruwan dafaffen ganyen dogonyaro da wasu ke ɗauraya da shi ba zai warkar da ƙazuwar da ta kama jiki ba, kada ya sa a yi jinkirin neman magani.

Rashin lafiya yana rushe duk lissafin gashi. Karen da ke da ƙwayoyin cuta a fata, likita na iya cewa a yi masa wanka da shamfun magani sau biyu a mako har tsawon makonni, kuma a bar kumfar minti goma a jiki kafin ɗauraya, in ba haka ba an yi asarar kuɗi. Wanda jikinsa ba ya jituwa da ƙura ko wani abu a muhalli, abin da ake yawan gani ga Fitbul, wankan mako-mako da shamfu mai laushi yana rage masa ƙaiƙayi. Kwikwiyon da bai kai mako 8 ba kuwa ba a yi masa wanka, a goge shi da tsumma mai ɗumi a busar nan take, don bai iya riƙe zafin jikinsa ba tukuna.

Wani abin da ke sa a bar wa yaro aikin nan ba tare da sa ido ba shi ne ƙyamar najasa. A mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, mashhurin zance shi ne kare mai rai jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki bin umarni ne. Fitsarinsa da kashinsa su ne najasa. Shafi'iyya sun fi tsanantawa. Kowa ya koma ga malaminsa, amma ko ba kai za ka riƙe soso ba, ka tsaya a wurin sau ɗaya ka nuna yadda kake so: a sirka shamfu da ruwa a kofi kafin a zuba, a fara daga wuya a gangara, fuska da tsumma, a sa ɗan auduga a bakin kunne kada ruwa ya shiga, a yi ta ɗauraya har ruwan da ke sauka ya fito garau.

Ga wanda bai riga ya saya ba, wannan kwatanci ya kamata ya shiga cikin ciniki. Mai sayarwa zai ce maka, “Alhaji, wanga kare ba ya da wahalar riƙo,” ko da Kokeshiyan ne. Tambayi kanka wa zai riƙe mataji sau huɗu a mako, ina ruwan, ina wutar fanka a watan Afrilu. In amsar ba ta fito da sauri ba, mai gajeren gashi ne naka. Karen gida da aka ciyar da kyau, aka yi wa allurar haukan kare tun yana wata uku ana sabuntawa, zai yi maka gadi da bokiti biyu na ruwa duk wata biyu. Bowabul da Rotwaila suna biye da shi a sauƙin wanka, ko da yake ba a sauƙin ciyarwa ba, kuma zafi yana wahalar da su fiye da shi. Jaman Shefad zai yiwu ga mai lokaci da inuwa. Kokeshiyan da Samoyed a Sakkwato, ni dai ban ga dalilin ba, sai ga wanda zai iya ba su ɗaki mai sanyi.

Wanda kuma karensa ke gida, kalanda ba ita kaɗai za ta faɗa masa lokaci ya yi ba. Shafa bayan kare da tafin hannu. In ƙura ce kawai ta hau hannun, tsumma da mataji sun isa. In hannun ya yi danƙo yana ƙarni, wanka ya zo. In kuwa an yi wankan yadda ya kamata, kwana biyu ko uku wari ya dawo, to ba daga gashi yake ba. A leƙa cikin kunne, a ɗaga leɓe a duba haƙora da dasashi, a lura ko yana jan gindi a ƙasa, don akwai wasu 'yan jakunkuna biyu a gefen dubura da kan cika su yi wari irin na ruɓaɓɓen kifi. Waɗannan aikin likitan dabbobi ne, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi inda ake kankaro fata a duba a madubin likita, a gane ko ƙazuwa ce, ko makero, ko wani abu dabam, kafin a sayi shamfun da bai dace ba.